Mugun sarki ko mugun bafade? Iyayen gida da barorinsu a littafin Tolkien

Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin magana ce da ta yi wa sarakuna alfarma, domin ta wanke su tas, ta juye laifin a kan wanda ke tsaye bayan karaga. Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani babba jaka, ko ya tsare masa ƙofar ofis, ya san maganar tana da ƙamshin gaskiya, ya kuma san akwai abin da ta bari a baya. Akwai wani littafi da ya ɗauki wannan batu ya jujjuya shi ta fuskoki da dama, ko da yake masu ambatonsa dodanni da yaƙe-yaƙe suka fi tunawa. Shi ne The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda za mu iya kira Sarkin Zobba.

An buga shi a Ingila cikin juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955, bayan marubucin, malami a Jami'ar Oxford, ya kwashe sama da shekara goma yana rubuta shi. Mutane da yawa sun san labarin ne ta finafinai uku da Peter Jackson ya fitar daga 2001 zuwa 2003, amma littafin za mu duba a nan, domin a wurare da dama fim ɗin ya kauce masa. A taƙaice, wani azzalumi mai suna Sauron ya ƙera zobe ya zuba ƙarfin mulkinsa a ciki. Zoben ya kuɓuce masa, bayan dubban shekaru ya faɗo hannun Frodo, ɗan wata ƙabila ta gajerun manoma da ake kira Hobbit. Duk wanda ya yi aiki da zoben sai ya lalace, ko da niyyarsa alheri ce, kuma babu wutar da za ta narkar da shi sai ta dutsen da aka ƙera shi a ciki, can a tsakiyar Mordor, ƙasar Sauron ɗin kansa. Su tara suka tashi domin kai shi can.

Wanda ya karanta littafin karo na biyu, bayan ɗokin jin ƙarshe ya kwanta, zai lura da abu guda. Kusan duk inda labarin ya yi kwana, hannun na kusa da mai rawani ne ya juya shi: mashawarci, mai tsaron ƙofa, dogari, yaron gida. Sa'annan kusan duk baran da ya ceci ubangidansa sai da ya taka wani umarni kafin ya cece shi.

Rohan, inda karin maganar ta yi daidai

Theoden shi ne Sarkin Rohan, ƙasar mahaya dawaki. Ganin farko da muka yi masa, ya ranƙwafe a kan karaga kamar wanda ya shekara ɗari. A gindin karagar akwai Grima, mashawarcinsa, wanda kowa a ƙasar ban da sarki ke kira da laƙabin da ke nufin mai harshen maciji. A fim an nuna kamar iska ce ta shiga sarkin aka zo aka yi masa ruƙiyya. Na littafi ya fi haka ban tsoro, domin babu iska ko ɗaya a ciki, magana ce kawai, yau da gobe. Grima ba ya zuga sarki ya fita ya yi ta'adi. Tausayi yake nuna masa: ya tsufa, ya huta, kada ya tsokano maƙwabci mai ƙarfi, ya bar wa bara ƙananan al'amura. Da haka ya raba shi da duk mai iya faɗa masa gaskiya. Ɗan sarki ya mutu a bakin daga. Eomer, ɗan 'yar'uwarsa kuma jarumin ƙasar, yana tsare bisa laifin saɓa umarni da yi wa Grima barazana a cikin fada. Hatta takobin sarki yana kulle a akwatin Grima, kuma da aka buɗe akwatin sai ga wasu kayan da mutane suka daɗe suna cigiya. Ashe maƙwabcin nan, Saruman, ya saye shi tuntuni, da alkawarin rabon ganima da kuma Eowyn, ƙanwar Eomer, wadda ya daɗe yana bi da ido.

Mai karatun da ya tashi da Magana Jari Ce ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin Wazirin da ya haɗa baki da Sarkin Sinari tamkar ɗan'uwan Grima ne. Sai dai Abubakar Imam aku mai hikima ya sa ya warware makircin, shi kuwa Tolkien mai gadi ya sa ya buɗe hanya.

Sunansa Hama, shugaban masu tsaron ƙofar fada. Umarnin da aka ba shi a fili yake, kada baƙo ya shiga da makami. Ya karɓi takubba da baka da gatari ya jingine. Da aka zo kan sandar Gandalf, dattijon masanin asirin da ke jagorantar baƙin, sai ya yi jim. Ya san sanda a hannun irin wannan mutum ta wuce abin dogarawa, ya ma faɗi haka da bakinsa. Duk da haka ya auna mutanen da ke gabansa, bai ga alamar sharri tare da su ba, ya bar dattijon ya shiga da abarsa. Da sandar nan aka kwantar da Grima ƙasa, aka fito da sarki waje ya ga ƙasarsa da idonsa. Da aka aiki Hama ya sako Eomer, sai ya sake wuce gona da iri, ya miƙa masa takobinsa ba tare da an ce ya yi ba. Da sarki ya rasa wanda zai bar wa jama'a in ya tafi yaƙi, Hama ne ya ambaci Eowyn, wadda ba ta zo wa kowa a rai ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya faɗi a bakin ƙofar ganuwa yana kare ta. Aka yi masa kabari shi kaɗai, sarki ya fara zuba ƙasa. 'Yan shafuka ya samu a littafi mai shafi sama da 1,000, amma da ya bi umarni sau da ƙafa a safiyar nan, da wuya Rohan ta hau doki a kan lokaci.

Shi kuwa Grima, sarki ya ba shi zaɓi, ko ya bi shi yaƙi ya wanke kansa ko ya kama gabansa. Ya tofa yawu ya koma wurin wanda ya saye shi. Can ya gane cewa mai sayen bara ba ya ganin darajarsa. Saruman ya mai da shi kamar kare, kuma a ƙarshen littafin, bayan wani shuri da ya yi masa a bainar jama'a, Grima ne ya zare wuƙa ya yanka shi.

Gondor, inda ta kasa

A Gondor babu Grima. Babu mai hure wa Denethor kunne, domin ba ya sauraron kowa. Shi kansa ma riƙon ƙwarya yake yi, shi ne na 26 a jerin gidansu. Sarki na ƙarshe ya fita kusan shekara 1,000 da suka wuce bai dawo ba, wakilansa suka ci gaba da mulki da sunansa, ɗa yana gadon uba, kowanne da rantsuwar zai riƙe ƙasa har sarki ya dawo. Tolkien ya nuna wannan matsayi da kayan zaure: karaga tana can saman matakala babu kowa a kai, Denethor yana zaune a ƙasa kan kujerar baƙin dutse marar ado, da farar sanda a cinyarsa. Babban ɗansa Boromir, tun yana yaro, ya taɓa tambayarsa shekara nawa riƙo zai yi kafin ya zama sarauta, uban ya nuna masa cewa a Gondor ba ya zama. Amsa ce mai kyau, kuma ya gaskata ta muddin babu wanda ya zo neman kujerar. Da ya ji cewa Aragorn, magajin sarakunan, yana tafe, sai ta bayyana cewa riƙo ya daɗe da zama mallaka a zuciyarsa.

Fim ɗin ya zalunci Denethor, ya mai da shi tsoho mai haɗama da taɓin hankali. Na littafi gwanin mulki ne. Kafin Gandalf ya iso birnin ya riga ya sa an kunna wutar neman gudummawa a kan duwatsu, ya sa an kwashe mata da yara, kuma da sulke yake kwana don kada jikinsa ya saba da hutu. Bayanan sirri ne suka kayar da shi. Yana da wani dutse mai kama da ƙwallon gilashi da ake hangen nesa a cikinsa, yakan hau bene shi kaɗai ya duba. Sauron ma yana da irinsa. Bai iya sa dutsen ya yi ƙarya ba, amma ya iya zaɓar abin da zai nuna: rundunoni ba iyaka, da baƙaƙen jiragen ruwan abokan gaba suna hawowa kogi. Jiragen gaskiya ne. Abin da Denethor bai gani ba shi ne Aragorn ya riga ya ƙwace su, gudummawa ce a ciki. Mutumin da ya fi kowa samun rahoto a ƙasar shi ya fi kowa ruɗuwa, saboda ta ƙofa ɗaya rahoton ke shigowa, kuma bai taɓa baje shi a gaban wani ba.

'Ya'yansa biyu ne. Boromir, ɗan lele, yana cikin su taran nan. Kwaɗayin zoben ya kama shi har ya kai wa Frodo hannu, sa'annan ya yi nadama ya mutu yana kare ƙananan abokan tafiyarsa. Ƙanensa Faramir, wanda uban ke gani kamar almajirin Gandalf ne kawai, shi ya ci karo da Frodo a bakin iyaka. Dokar uban ta hana sakin duk baƙon da aka kama a yankin. Faramir ya san abin da Frodo ke ɗauke da shi, ya san zai iya kai wa ubansa kyautar da za ta saya masa ƙaunar da ya rasa tun yana yaro, ya kuma san cewa sakin fursunan zai iya cin ransa. Ya sake shi, har da guzuri. Denethor bai yafe ba. Ya faɗa masa a gaban mutane cewa da ma shi ne ya tafi a madadin wansa, sa'annan ya tura shi tsare mashigin kogin da ba zai tsaru ba. Aka dawo da shi ranga-ranga. A nan ne ƙaunar uban ta fito, a makare kuma a karkace: ya bar birni yana cin wuta, ya yanke shawarar ƙona kansa tare da ɗan, alhali ɗan yana numfashi.

Wannan shi ne wurin da ya kamata duk mai karɓar umarni daga sama ya karanta a tsanake. Denethor ya kira barori shida na gidansa. Jikinsu yana rawa, amma suka ɗauki makarar suka kai hubbaren iyayensa, suka kawo itace da mai. Babu mugu a cikinsu, masu biyayya ne. Wanda ya ƙi shi ne Pippin, ɗan Hobbit ɗin da ya yi wa Denethor mubaya'a kwanaki kaɗan kafin nan. Ya ruga neman Gandalf, a hanya ya shaida wa wani dogari mai suna Beregond. Doka ta hana dogarin barin inda aka tsayar da shi. Ya bari. Ya kashe mai tsaron ƙofar maƙabarta da ya hana shi wucewa, ya kashe biyu daga cikin barorin, ya tare ƙofa da takobi har Gandalf ya iso ya ɗauke Faramir daga kan itacen. Denethor ya karya sandar riƙonsa a gwiwa ya kwanta cikin wuta.

Da Aragorn ya hau karaga, bai yi kamar ba a karya doka ba. Ya kira Beregond ya karanta masa laifinsa, barin wurin aiki da zubar da jini a wuri mai alfarma, ya ce hukuncin da ke kan haka a da kisa ne. Ya yafe kisan, amma ya ce dole ya bar birnin. Kafin mutumin ya gama sunkuyar da kai sai ya ji inda aka tura shi: shugaban dogaran Faramir, wanda saboda shi ya yi kasadar. A takarda horo ne, a zahiri ƙarin girma. Sai dai akwai wanda ba a yi wa shari'a ba, wato mai tsaron ƙofar nan da aka kashe. Littafin bai ko ba shi suna ba. Laifinsa kawai ya yi abin da Hama ya ƙi yi, ya tsare ƙofa kamar yadda aka umarce shi. Beregond ya ce zai yi ta nadamar wannan jini har abada, kuma Tolkien ya bar nadamar a wurinta bai share ta ba.

Ubangida ɗaya, barori biyu

Duk waɗannan share fage ne ga dangantakar da ta ɗauki nauyin littafin, wato ta Frodo da Sam. Masu kallon fim sukan ɗauke su abokai tsara, alhali ba haka aka rubuta su ba. Frodo mai hali ne ɗan shekara 50, Sam kuwa ƙanensa ne da shekara 12, mai kula masa da lambu, ɗan wanda ya yi wa gidan wannan aiki shekara 40. Maigida yake ce masa. Yadda ma ya shiga tafiyar abin dariya ne: kama shi aka yi yana laɓe a gindin taga, aka ce horonsa shi ne ya bi ubangidansa.

Tolkien ya san irin wannan mutum ido da ido. A 1916 yana ƙaramin hafsan sadarwa a fagen daga na Somme a Faransa, kafin zazzaɓi ya sa a mai da shi gida. Daga baya ya bayyana cewa ya zana Sam ne daga ƙananan sojojin da ya sani a yaƙin da waɗanda ke yi wa hafsoshi hidima, irin wanda muke kira odali, kuma ya ga sun fi shi nesa ba kusa ba. Shi ya sa Sam ne mai tuna tukunya da gishiri da igiya. Shi ne ya gane ubangidansa zai sulale shi kaɗai, ya faɗa kogi ya bi shi alhali bai iya ruwa ba. A Mordor kuma shi ne ke barin rabonsa na ruwa da abinci ba tare da Frodo ya sani ba.

Da a nan aka tsaya, da Sam waliyyi ne, kuma da labarin ya yi lami. Abin da ya ba shi gishiri shi ne Frodo ya sami bara na biyu. Gollum, halittar da ta riƙe zoben kusan shekara 500 har ya tsotse ta, ya yi rantsuwa zai yi wa Frodo jagora, shi ma maigida yake ce masa. Frodo yana tausaya masa, yana kiransa da sunansa na asali, Smeagol, domin a jikinsa yake hango abin da zoben zai mai da shi. Sam kuwa bai yarda da shi ba ko na ƙiftawar ido, kuma yana da gaskiya, don Gollum ya shirya kai su ramin wata dodanniya mai siffar gizo-gizo. Amma a cikin gaskiyar Sam akwai kishi, irin na tsohon yaron gida da ya ga an jawo sabo kusa.

Ana gab da shiga ramin, Gollum ya dawo ya tarar da su suna barci, kan Frodo a cinyar Sam. Ya tsaya yana kallonsu, wani abu ya karye a zuciyarsa, ya miƙa hannu a hankali ya taɓa gwiwar Frodo kamar mai lallashi. A wannan ɗan lokaci tsoho ne kawai da ya gaji, wanda duk nasa suka mutu suka bar shi. Sam ya farka ya ga hannu a jikin ubangidansa, ya daka masa tsawa da baƙar magana. Ya ba da haƙuri daga baya, amma ƙofar ta riga ta rufe. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1963, Tolkien ya nuna cewa a wurinsa da wuya a sami wuri mafi ban takaici a labarin kamar wannan. A ganina nan ne littafin ya fi zurfi a kan sha'anin hidima. Grima ya tsare hanyar zuwa wurin ubangida don cin amana, Sam ya tsare ta don ƙauna, amma shi ma ya kori wanda ya zo da tuba a hannu.

Dodanniyar ta harbi Frodo, Sam ya ɗauka ya mutu. Nan amana biyu suka rabu a gabansa, ta mutum da ta aiki. Ya zauna gadin gawa, ko ya ɗauki zoben ya ci gaba? Ya cire zoben daga wuyan ubangidansa ya tafi. Bai yi nisa ba dakarun Sauron suka ɗauke Frodo, ya ji suna cewa suma ya yi. Sam ya yi ta zargin kansa, ya ƙudura cewa ba zai sake barin ubangidansa ba. Mai karatu kuwa ya san abin da Sam bai tsaya ya lissafa ba: da bai ɗauke zoben ba, da yana hannun Sauron kafin gari ya waye.

A ɗan zaman da zoben ya yi a wurinsa, shi ma ya jarrabe shi. Da yake manomi ne, sai ya nuna masa kansa a matsayin gwarzon da zai mai da hamadar Mordor lambu mai faɗin ƙasa guda. Sam ya ga ɗan lambun da zai noma da hannunsa ya ishe shi. Da ya kuɓutar da Frodo ya mayar masa da abinsa, ya ɗan yi tayin taya shi ɗauka, Frodo ya fizge ya kira shi ɓarawo, sa'annan ya dawo hayyacinsa ya nemi gafara. Sam bai riƙe ba. Da ƙafafun Frodo suka ƙi a gindin dutsen, zoben da ba shi da ikon ɗauka sai ya ɗauke shi tare da mai shi, ya goya ubangidansa ya hau.

A kan dutsen Gollum ya sake kai musu hari, ya faɗi a gaban Sam yana roƙo, takobi a hannun Sam. Wannan ita ce damar da ya daɗe yana jira. Ya kasa sara. Ya ɗanɗani nauyin zoben na kwana ɗaya ko biyu, ya hango abin da shekara 500 za su yi wa mai rai. Ya kore shi da zagi. Jim kaɗan Frodo ya tsaya a bakin wuta ya kasa jefa zoben, ya ce nasa ne, ya sa a yatsa. Gollum ɗin da aka ƙyale shi ya ciji yatsan ya gutsure, yana rawar murna ya zame ya faɗa wuta da zoben.

Da suka koma gida, mutanen ƙasarsu ba su damu da abin da Frodo ya yi ba. Su Pippin masu sulke da doki suka fi burge su, kuma wannan ya yi wa Sam ciwo fiye da yadda ya yi wa Frodo. An ba Frodo riƙon kujerar magajin gari na 'yan watanni. Abin da kawai ya yi shi ne mai da 'yan doka adadinsu da aikinsu na da, da mai kujerar ya warke ya miƙa masa abarsa. Raunukansa ba su warke ba, duk shekara sai sun tashi. Bayan shekara biyu ya hau jirgi ya tsallaka teku, ya bar wa Sam gidan da dukiyar da littafin da ya rubuta tarihin tafiyar a ciki, da 'yan shafuka na ƙarshe babu rubutu domin Sam ya cike. An zaɓi Sam magajin gari har sau bakwai, ya haifi 'ya'ya 13 a gidan da ya fara aiki yana share wa lambu. A hanyar rakiya zuwa bakin teku, da ya gane tafiyar ba ta dawowa ba ce, maigida ya kira shi.